2.4 Tsarin Kaizen a Masana'antun Ƙasar Habasha

A wannan sashe za a yi bayani ne a kan yadda ƙasa mai tasowa za ta iya ɗaga ingancin kayan da masana'antunta ke ƙerawa ba tare da ta sayi sababbin injina ba. An ɗauki ƙasar Habasha a matsayin misali.

Kaizen kalma ce ta Japananci wadda ke nufin gyara kaɗan-kaɗan ba tare da tsayawa ba. Tsarin ya sami gindin zama a Japan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, musamman bayan laccocin da Ba'amurken nan W. Edwards Deming ya gabatar a can a shekarar 1950. Jigon koyarwarsa shi ne, duba kaya bayan an gama ƙera su ba ya samar da inganci, domin a lokacin an riga an yi asarar kayan aiki da wuta da lokaci. Abin da ya dace shi ne a gano musabbabin aibu a daidai inda yake faruwa.

A shekarar 2008 Firaministan Habasha na wancan lokaci, Meles Zenawi, ya nemi taimakon Japan a wannan fanni. Hukumar JICA ta fara gwajin tsarin a 2009 da kamfanoni 30, sannan a 2011 gwamnati ta kafa Cibiyar Kaizen ta Habasha. Akan fara ne da matakai 5, wato ware abin da ba a buƙata, ajiye kowane abu a muhallinsa, tsabtace wurin aiki, mayar da waɗannan ƙa'ida, da kuma ɗorewa a kansu. Alal misali, a masana'antar takalma, idan aka tsara wuƙaƙe da fatu kusa da mai yanka, za a rage yawon neman kaya, kuma fatar da ke da tabo za a gane ta kafin a ɗinka.

Sai dai kuma tsarin yana da sharaɗi. Ma'aikacin da ke tsoron kora ba zai bayyana kuskure ba, kuma idan manaja bai saurari shawarar na ƙasa da shi ba, gyaran ba ya wuce sharar farko. Haka nan kaizen ba ya maganin ɗaukewar wutar lantarki ko ƙarancin kuɗin waje na shigo da kayan aiki.

Daga wannan bayani za a fahimci cewa tsarin ba ya cin jari mai yawa, amma yana buƙatar shugabanni su sauya yadda suke hulɗa da ma'aikata. Wannan batu shi ne sashe na gaba zai duba.