Dimokuraɗiyya a Matakin Ƙaramar Hukuma

A watan Fabrairun 2022 an gudanar da zaɓen shugabannin ƙananan hukumomi shida na Birnin Tarayya Abuja. Da aka kammala ƙidayar ƙuri'u, jam'iyyar APC mai riƙe da gwamnatin tarayya ta tsira da uku, Abaji da Kwali da Gwagwalada, PDP kuma ta ɗauki Bwari da Kuje da ƙwaryar birnin. A Kano kuwa, zaɓen 2018 da na 2021 APC ce ta lashe kujerun ƙananan hukumomi 44 gaba ɗaya. Da mulkin jihar ya koma hannun NNPP, sai ita ma ta kwashe duka 44 ɗin a watan Oktoban 2024. A cikin watan nan dai APC ta cinye ƙananan hukumomin Kaduna 23 ba tare da ta bar ko guda ba.

Shin mutanen Abuja sun fi na Kano sanin siyasa ne? Ko kusa. Kano ce ta haifi jam'iyyar NEPU a 1950, kuma Kanawa ne suka zaɓi Abiola a zaɓen shugaban ƙasa na 1993 suka bar ɗan garinsu Bashir Tofa. Bambancin yana wajen mai shirya zaɓen. A Abuja hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ke gudanar da shi. A jihohi kuwa aikin hukumar zaɓen jiha ne, wadda gwamna ke naɗa shugabanta da mambobinta, kuma daga baitulmalin jiharsa take samun kuɗin aiki.

A ganina, duk mai son ya fahimci dimokuraɗiyya a aikace, nan ya kamata ya fara dubawa. Sashe na 14 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora iko a hannun al'ummar ƙasa, ya ce daga gare su gwamnati ke samun duk wani hurumi. To amma ta yaya mai sayar da gawayi a Rimin Gado zai ji wannan iko a jikinsa? Sai idan wanda ke mulkinsa ya san cewa zai iya sauke shi. Zaɓen da aka san sakamakonsa tun kafin a buɗe rumfa ba ya haifar da wannan shakka a zuciyar kowa. Muna da shaidar cewa abin yana yiwuwa a ƙasar nan: a 2015 shugaba mai ci, Goodluck Jonathan, ya faɗi zaɓe ya kuma kira Muhammadu Buhari ya taya shi murna kafin a sanar da sakamakon ƙarshe. Talaka ya iya kayar da shugaban ƙasa, amma a yawancin jihohi har yau ba shi da ikon kayar da ciyaman ɗin da suke sallar Juma'a a masallaci ɗaya.

Kuma wannan matakin ne ya fi taɓa rayuwarsa. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulki ya danƙa wa ƙaramar hukuma kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu da kwashe shara da rajistar haihuwa da mutuwa, ya kuma sa ta cikin harkar makarantun firamare da kiwon lafiya da noma. Matar da naƙuda ta kama da tsakar dare a ƙauye ba Asibitin Ƙasa na Abuja za a kai ta ba. Ƙaramin asibitin mazaɓarta za a kai ta, inda wataƙila babu ungozoma, babu fitila. Manomin da kwalbati ya karye tsakaninsa da kasuwa kansila yake nema, ba sanata ba.

Iyayenmu sun san darajar wannan mataki, don a kansa suka sha wuya. Gwagwarmayar Malam Aminu Kano da mutanensa, kafin ta zama ta neman kujera a Kaduna ko Legas, da hukumar gargajiya ta En'e aka yi ta: da kotunan da ba a ɗaukaka ƙara cikin sauƙi, da 'yan doka, da aikin tilas, da haraji da jangali waɗanda ba wanda ke bayanin inda suka shiga. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri sau da dama a kan wannan hanya da kuma neman 'yancin mata na jefa ƙuri'a. Garambawul ɗin 1976 shi ya maye gurbin En'e da ƙananan hukumomi 301 masu tsari iri ɗaya a faɗin ƙasa, kuma a lokacin ne matan Arewa suka fara samun damar zaɓe. Gwamnatocin soja suka yi ta ƙara yawansu har suka kai 774 a 1996.

Maganar ta fi tsanani idan aka zo kan kuɗi. Ƙananan hukumomi na da kashi 20.6 cikin ɗari na abin da ake rabawa daga asusun tarayya, jihohi na da 26.72, tarayya 52.68. Sai dai sashe na 162 ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, kuma ta nan kason ke bi. Shekara da shekaru gwamnoni na riƙe da mabuɗin asusun, suna cire abin da suka kira ayyukan haɗin gwiwa, suna sakin abin da zai biya albashi. Wasu ma ba sa wahalar da kansu da zaɓe. Sai su rushe zaɓaɓɓun shugabanni su naɗa kantomomi, duk da cewa sashe na 7 ya ba da tabbacin majalisun da jama'a suka zaɓa. Ciyaman ɗin da gwamna ya ɗora, gwamna kuma ke ba shi kuɗi, wa zai saurara? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar na tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar a kan gwamnonin jihohi 36. Mai shari'a Emmanuel Agim, wanda ya karanta babban hukuncin, ya bayyana cewa riƙe kuɗin ƙananan hukumomi ya saɓa wa tsarin mulki, a riƙa tura musu kasonsu kai tsaye, kuma kada a saki ko kwabo ga ƙaramar hukumar da kantoma ke jagoranta. Hukunci ne mai nauyi, na kuma yi murna da shi. Amma abin da ya biyo baya shi ne zaɓukan Oktoban 2024 da na ambata a sama: jihohi suka yi rige-rigen shirya zaɓe don kada a datse musu kuɗi, jam'iyyar gwamna ta share komai. Kotu ta taɓa asusu, ba ta taɓa hukumar zaɓen jiha ba, domin wannan gyaran kundin tsarin mulki yake buƙata, shi kuwa ba ya tabbata sai majalisun dokokin jihohi 24 sun amince. Majalisun nan kuma galibinsu a tafin hannun gwamnoni suke.

Akwai masu cewa miƙa zaɓen ga INEC zai ƙara tara iko a Abuja, ya raunana tsarin tarayya, ita ma INEC ɗin ba tsarkakakkiya ba ce. Wannan magana ba ta banza ba ce, zaɓen 2023 ma ya bar ƙorafe-ƙorafe da yawa, kuma waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari na masu rajista ba. Wasu kuma na tsoron cewa kuɗi kai tsaye zai mayar da ciyamomi ƙananan gwamnoni 774. Wannan tsoron na fi ɗauka da gaske. Sai dai ciyaman a garinsa yake zaune, an san gidansa, an san mahaifinsa. Ofishin Akanta Janar na tarayya yana wallafa abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu duk wata, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kuma ta buɗe ƙofar tambaya. Ƙungiyar ci gaban gari da ta riƙe takardar kason ƙaramar hukumarta tana iya zuwa sakatariya ta nemi a nuna mata rijiyar burtsatsen da aka ce an haƙa, ta kuma kira kansilan mazaɓarta ya yi bayani a gaban mai unguwa da limami. Gyaran da ya rage a hannun Majalisar Tarayya da majalisun jihohi shi ne na cire naɗin hukumar zaɓen ƙananan hukumomi daga ikon gwamna, kuma ɗan majalisar jihar kowannenmu yana da ƙuri'a guda a kansa.