HAƊIN RIƊI IRIN NA JAPAN: A YI SHI A GIDA, A TSIRA DAGA SHUBUHA



Mutanen Japan suna da wani haɗi na riɗi da suke zubawa a kan salak, dafaffen alayyahu da nama. A yarensu riɗi shi ne "goma". Japan na cikin manyan masu sayen riɗin Najeriya, irin wanda ake nomawa a Jigawa, Nasarawa da Binuwai.

To ga inda matsalar take. A girkin Japan akan sa "mirin", wata giyar shinkafa ce mai zaƙi, ta asali tana da barasa kusan kashi 14 cikin 100. Na kwalba da ke manyan kantuna ma yakan zo da ita. Don haka ku haɗa naku, zuma ta maye gurbinta.

KAYAN HAƊI:
• Farin riɗi cokali 3
• Khal cokali 1
• Soya sos cokali 1, mai tambarin halal
• Zuma cokali 1
• Man riɗi ƙaramin cokali 1
• Mayonis cokali 2, in ana so ya yi kauri

YADDA AKE YI:
A wanke riɗin, a rege tsakuwa, a shanya. A soya shi ba mai, wuta kaɗan-kaɗan, ana juyawa har ya fara tsalle yana ƙamshi. Kar a bari ya ƙone, ɗaci zai yi. A daka shi da ɗuminsa a ƙaramin turmi har mai ya fara fitowa. Dakan nan shi ne sirrin, domin ƙwayar da ba ta fashe ba yawanci wucewa take a ciki ba tare da jiki ya amfana ba. Sai a zuba sauran a gauraya.

Riɗi na da sinadarin ƙarfafa ƙashi da na ƙarin jini. Khal kuwa Manzon Allah (SAW) ya yabe shi a matsayin mahaɗin abinci, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim.

A KULA:
• Mai hawan jini ya rage soya sos, cokali ɗaya na ɗauke da kusan rabin gishirin da ya kamata mutum ya ci a yini.
• Wanda riɗi ke sa wa ƙaiƙayi, kumburin baki ko sarƙewar numfashi ya nisance shi gaba ɗaya.
• Ba a ba jaririn da bai kai shekara 1 ba zuma.
• In babu firij, a yi daidai na yini, musamman in an sa mayonis.

Allah Ya ciyar da mu halal, Ya ƙara mana lafiya. A tura wa 'yan uwa.