Kopakabana: Garin da Ake Yi wa Motoci Wankan Giya

Da an ce Kopakabana, hankalin yawancin mutane bakin tekun Rio de Janeiro yake tafiya. To wancan takwara ne. Mai sunan na asali wani ɗan gari ne a ƙasar Bolibiya, a gaɓar tafkin Titikaka, mutanensa 'yan dubbai ne kawai, yana zaune a tudu mai tsayin fiye da mita 3,800. Kwafin mutum-mutumin Maryamu na wannan gari aka kai Brazil, aka gina masa ɗan ɗakin ibada a bakin ruwa, sunan ya bi unguwar, har ɗan aro ya fi mai kaya shahara.

Kafin ka shiga garin sai ka rabu da motarka. Daga birnin La Paz tafiyar kusan kilomita 150 ce, amma a hanya kwalta kan ƙare a bakin ruwa. Mashigin Tikina ke nan, faɗinsa bai cika kilomita ɗaya ba, kuma babu gada. Direba ya ce kowa ya sauka. Fasinjoji su shiga ƙaramin kwalekwale mai inji, bas kuwa a hau da ita kan wani faffaɗan jirgin katako, tana rangaji da kayan mutane a kanta, a haɗu a tsallake. Wanda ya ƙi wannan fito, sai dai ya zagaya ta cikin ƙasar Peru. An sha tayar da zancen gada, masu fito ba sa son ji, tunda nan abincinsu yake. A mashigin nan kuma akwai sansanin sojan ruwa, alhali Bolibiya ba ta da teku ko taku ɗaya tun da Chili ta ƙwace gaɓarta a yaƙin da ya ɓarke a 1879. Sojojin na sintiri a tafki da koguna, ƙasar kuma na yin Ranar Teku kowace 23 ga Maris.

Babban abin kallo shi ne layin motoci a ƙofar farar majami'ar garin. Kusan kullum ana yi, amma Asabar da Lahadi layin ya fi tsawo. Wanda ya sayi mota, sabuwa ko ta hannu, tasi ko gingimari, zai turo ta tun daga La Paz ko daga Peru, ya wanke ta fes, sannan mata masu rumfuna su yi mata ado da furanni da ribbon launi-launi, wani lokaci har a ɗora mata hula a rufi. Fada, limamin majami'ar, ya fito da bokiti da burushi, a buɗe masa bonet, ya yayyafa ruwa a inji, ya yayyafa a kujeru da tayoyi, ya yayyafa wa mai motar da iyalinsa. Da ya wuce sai kashi na biyu ya fara, wanda ya girmi zuwan Kiristanci yankin: a girgiza kwalaben giya a feshe motar, a zuba wa ƙasa rabonta da sunan Pachamama, uwar ƙasa a al'adar ƙabilun Aymara da Kechuwa, a kunna tartsatsin wasa, a ɗauki hoto. Masu zolaya kan ce wannan ne inshorar talaka. A ganina dai wadda buƙatarta ta fi saurin biya a wurin ita ce mai sayar da furanni.

Wanda bai da mota fa? Shi ma an tanadar masa. A bayan gari akwai dutsen Kalbariyo, ana hawansa ta matakala ana haki, a ƙwanƙolinsa kuma kasuwa ce ta buri. Ana sayar da 'yan motoci na wasa, 'yan gidaje masu bene, shaguna cike da kaya waɗanda za su shige tafin hannu, bandir ɗin dala da yuro na bogi, fasfo, akwatin tafiya, har takardar digiri da za a rubuta sunanka a kai. Ka sayi siffar abin da kake so, a turara ta da hayaƙi a hannun yatiri, wato masanin gargajiya na Aymara, ko a kai wa fada ya sa albarka, da yawa ma duka biyun suke yi, sannan ka tafi da ita gida ka jira na gaske. Al'adar reshe ce ta bikin Alasitas da ake buɗewa a La Paz ranar 24 ga Janairu, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2017. A wannan biki mace mai neman miji ɗan zakara ake ba ta, namiji kuma kaza, kuma an ce ya fi ci idan kyauta aka yi maka. Wanda aljihunsa bai kai ko na wasan ba, sai ya shiga ɗakin kyandir na gefen majami'a, ya zana mota ko gida a bango da narkakken kyandir.

Mutum-mutumin Maryamun da ya jawo duk wannan, wani jinin sarautar Inka ne ya sassaƙa shi, Francisco Tito Yupanqui. Yunƙurinsa na farko an ƙi karɓa don rashin kyau, ya tafi birnin Potosi ya koyi sana'ar, aka shigo da na biyun gari ranar 2 ga Fabrairu 1583. Ba a fita da shi daga majami'a, kwafi ake zagayawa da shi ranar biki, domin mutanen garin sun yi imani idan ya fita tafki zai yi ambaliya. A 2013 ɓarayi suka shiga da dare suka kwashe adon zinariya da azurfa da ke jikinsa.

Sai ciki. A bakin ruwa rumfunan abinci ne jere, kowace da lambarta, kuma kusan abu ɗaya duk suke sayarwa: kifin trucha, soyayye, ko da tafarnuwa, ko da miyar tumatir da barkono, a haɗa da shinkafa da soyayyen dankali. Baƙo zai rantse wannan kifi tun kaka da kakanni yake tafkin. Ina! Wajejen 1940 aka kawo irinsa daga Arewacin Amurka aka zuba, ya sami wuri ya miƙe ƙafa, ya dinga cinye 'yan gida, har ana ɗora masa alhakin ɓacewar wani nau'in kifi da babu shi ko'ina sai Titikaka. Yawancin wanda ake ci yanzu ma na kiwo ne a keji cikin ruwa. 'Yan gidan da suka rage sun haɗa da karachi, mai ƙaya da yawa, wanda ake miyar wallake da shi, da ispi, ɗan mitsitsi da ake soyawa a ci har kai. Musulmin da ya je ya riƙe kifin nan da kyau, ya yi hattara da chicharron, don galibi naman alade ne.

Dankalin turawan da ke gefen farantin kuwa ɗan gida ne na haƙiƙa. A kewayen wannan tafki aka fara nomansa shekaru dubbai da suka wuce, sai a ƙarni na 16 Sifaniyawa suka kai shi Turai. Manoman yankin na da dabarar adana shi: a watannin Yuni da Yuli a baza shi a fili, sanyin dare ya daskarar da shi, rana ta narkar, a tattake da ƙafa ruwan ya fita, a bar shi ya bushe. Sunansa chuño, baƙi, mai tauri, yana shekaru bai lalace ba.

Ruwa a nan yana tafasa ne tun zafinsa na wajen digiri 87 saboda tsayin wurin, shi ya sa shinkafa da wake ke jan rai kafin su nuna.

Karin kumallo a kasuwa: api, kunun jar masara mai duhu da kirfa da kanumfari, da zafinsa, a haɗa da soyayyen fanke mai faɗi da aka zuba wa ruwan rake. Tsarabar gari kuwa pasankalla ce, gugguru mai zaƙi, manya-manya, ana jibge shi a buhunan da suka kai ƙugun mai sayarwa. Ba ya ƙaras-ƙaras, ɗan danƙo gare shi, baƙo kan zaci ya kwana, alhali haka ake yinsa. Wanda tudu ya sa wa ciwon kai, shayin ganyen koka za a miƙo masa. Halal ne a dokar Bolibiya, tsarin mulkin 2009 ma ya ba ganyen kariya, amma kada a sa shi cikin tsaraba, don a yawancin ƙasashe laifi ne.

Ciniki a kasuwar abinci ba a cika ja-in-ja ba. Abin da ake nema shi ne yapa, daidai da gyaran da mai tumatir ke yi wa abokin cinikinta a Kasuwar Rimi, kuma sai wadda ka saba saye wurinta ke yi maka da hannu sake. A titin 6 de Agosto da ya gangara zuwa tafki kuwa, kowace rigar sanyi an ce gashin alpaka ce zalla. Da yawa gauraye ne da zaren roba. Ta gaske ta fi nauyi, kuma da ɗan sanyi idan ka taɓa. Matan da ke sayarwa na ɗora 'yar zagayayyar hular Turawan Ingila a tsakar ka, ba maɗauri, ba ta faɗuwa. Labarin da ake bayarwa shi ne an yi odar hulunan ne don ma'aikatan jirgin ƙasa, suka yi musu kaɗan, wani ɗan kasuwa ya tallata wa mata.

A ƙarƙashin ruwan tafkin akwai ƙaton kwaɗo mai sakakkiyar fata ninki-ninki, ta fatar yake shaƙar iska, ba sai ya leƙo sama ba. Yana cikin haɗarin ƙarewa saboda gurɓatar ruwa da masu markaɗa shi a sha da sunan magani. Tsibirin Rana, inda Inkawa suka ce rana ta fara fitowa, tafiyar awa ɗaya da rabi zuwa biyu ce a jirgi, kuma babu mota ko ɗaya a kansa, jakuna ke dako. Iyakar Peru tana Kasani, kilomita 8 daga gari. Wanda ya ƙetara can sai ya mayar da agogonsa baya da awa ɗaya.