Tsakanin Tafin Hannu da Kwalta

(Kiɗan buɗe shiri, sai ƙarar babur ta taso ta wuce)

 Yau kan babur za mu hau, kuma abin da za mu duba shi ne safar hannu, irin mai tsadar nan da aka ƙera domin ta tsare hannun mahayi ranar da tsautsayi ya gitta.

Duk wanda ya taɓa yin tuntuɓe ya san abin da jiki ke yi. Kafin ka ankara, hannu ya riga ya miƙe ya tare ƙasa. Haka Allah Ya yi ɗan Adam, hannu ne ke fansar fuska. To mai tafiya a gudun kilomita 50 cikin awa ɗaya, wanda gudun cikin gari ne, yana cin kusan mita 14 a kowane sakan. A irin wannan gudu kwalta magagari ce, abin da aka ɗora mata shi take ci. Hannun da za a ɗora mata kuwa ƙasusuwa 27 ne a cikinsa, ga jijiyoyi birjik, ga fatar bayansa ba wani kauri. Da shi tela ke riƙe almakashi, da shi makaniki ke juya sufana, da shi mai babur ɗin kansa ke matsa birki da kuloci. Hannu ya tsaya, abinci ya tsaya.

A Najeriya tun farkon shekarar 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sa hular kwano, kuma an sha zancenta har kowa ya haddace. Hannu ne ba a cika tunawa da shi ba. Faransa ta tuna. Daga watan Nuwamban 2016 dokar ƙasar ta wajabta wa mai tuƙa babur da wanda ya goyo su sa safar hannu mai shaidar inganci. Wanda aka kama hannu tsirara zai biya tarar Yuro 68, direba kuma a cire masa maki ɗaya a lasisinsa.

Manyan masu wannan sana'a sanannu ne. Akwai Alpinestars da aka kafa a Italiya a 1963, akwai Dainese, ita ma ta Italiya, wadda ta fara a 1972, ga Held ta Jamus, ga Knox ta Ingila. Safarsu ta ƙoli, wadda 'yan tsere ke sawa, tana kamawa daga Yuro 300 har ta haura 400. Kuɗi ne masu nauyi, don haka ya dace mutum ya san me yake saya da su.

Idan aka miƙo maka safa a shago, ido zai fara sauka a bayanta, wajen ƙullutun nan masu ƙyalli da ke kan gaɓoɓin yatsu. Mai shago ma nan zai ƙwanƙwasa maka ka ji ƙarfi. Shawarata ita ce ka karɓa ka juya ta. Cikin tafin ne ya kamata ka fara dubawa, domin shi ne ke fara gaisawa da titi.

Mai sauraro, in hannunka ba ya kan sitiyari ko kan babur a yanzu, ɗaga babban yatsanka sama. Za ka ga wani ɗan rami ya fito a gindinsa, ta gefen wuyan hannu. Sa yatsa ka danna. A ƙarƙashin ramin nan akwai wani ɗan ƙashi, ɗaya daga cikin ƙanana 8 da suka haɗa wuyan hannu, kuma a cikinsu shi ya fi saurin karyewa idan mutum ya faɗi ya dafa ƙasa. Matsalarsa ita ce jini ba ya isarsa sosai, saboda haka ɗorinsa na da nawa. Yakan ɗauki makonni 6 zuwa 12 a ɗaure, wani lokaci sai an yi tiyata an sa masa ƙusa. Sau da yawa ma hoton farko ba ya nuna karayar. Mutum ya ce ai targaɗe ne, a murza masa, a shafa man zafi, ya koma aiki, bayan watanni wuyan hannu ya ƙi lanƙwasuwa. Duk wanda ya faɗi a babur ya ji zafi a ramin nan, don Allah ya je asibitin ƙashi, ko da kumburin bai kai ya kawo ba.

Ta yaya safa ke shiga wannan magana? Idan gindin tafin hannu ya sauka a kwalta, fata zalla takan cije titin. Hannu ya tsaya cak, gangar jiki kuma tana tafe da nauyinta da gudunta, sai ta bi ta kan wuyan hannun ta lanƙwasa shi. Masu ƙira suka ga maganin shi ne a hana hannun cijewa. Sai suka dasa wasu 'yan faifai na roba mai tauri da santsi a gindin tafin, domin hannu ya zame ya bi jiki, ƙarfin bugun ya watse a hanya. Kamfanin Knox ya yi suna da wannan dabara, wasu ma suna da irin tasu. Held kan sa fatar wani kifin teku mai faɗi, wadda ke da ƙwayoyi masu tauri, a wuraren da suka fi gogar titi. A wurina, safar da aka ce ta ƙoli ce amma babu abin zamewa a gindin tafinta ba ta ci kuɗinta ba, komai kyan bayanta.

(Gajeren kiɗa)

Sai maganar fata. Iri uku aka fi amfani da su. Ta saniya tana da kauri da juriya, amma tana da tauri, sai an jima ana sawa take saki. Ta kangaru, dabbar nan ta Ostireliya mai tsalle da ɗa a aljihu, ta fi sauran ƙarfi idan aka dubi sirantakarta, shi ya sa ake yin tafin safar tsere da ita: ga kariya, ga shi mahayi na jin totur da birki sosai a hannunsa. Ta ukun ita ce fatar akuya, mai laushi, mai wuyar yagewa, kuma a nan ne zancen ya iso ƙofar gidanmu. Jar akuyar Sakkwato da 'yar'uwarta ta Maraɗi suna cikin masu fatar da duniya ta fi yabo. Ɗaruruwan shekaru majemanmu na jeme ta da bagaruwa, fatake na ƙetare Sahara da ita, Turawa na saye a tashoshin arewacin Afirka suna kiranta fatar Maroko. Har gobe masana'antun jima na Kano, a Challawa da Sharaɗa, suna tura fatu zuwa Italiya da Sifaniya. Abin da ke ci mini rai shi ne fata na fita daga hannunmu, ɗinki kuma ana yin sa a wani wuri. Birnin Siyalkot na Pakistan ya mayar da ɗinkin safar hannu babbar sana'a, yana cika kasuwannin duniya. Dukawanmu da ke ɗinka takalmi da jaka da sirdi ba su gaza wannan aiki ba. Abin da suke buƙata shi ne zare na ƙwarai, da samfuri, da wurin gwaji da zai ba kayansu shaida.

Na ambaci zare da gangan, domin sau da yawa ɗinki kan fashe tun fata ba ta huje ba, sai safa ta buɗe ta bar hannu a fili. Saboda haka bi layin ɗinkin da ido. A wurare masu haɗari, wato gefen tafi da gindinsa, ya zama layi biyu ne, kuma fatar ta zama ninki biyu. Masu tsada kan yi shimfiɗa a ciki da Kevlar, zaren nan mai jure zafi da yanka wanda wata masaniyar sinadarai Ba'amurkiya, Stephanie Kwolek, ta gano a 1965, wanda kuma ake yin rigar sulke da shi. Gogar kwalta na haifar da zafi, zaren leda kuwa narkewa yake.

Ƙaramin yatsa ma yana da nasa labarin. Shi ne a bakin gaɓa, shi titi ke fara kamawa ya banƙare. Troy Bayliss, ɗan Ostireliya, zakaran duniya a tseren manyan babura, ya faɗi a filin Donington na Ingila a 2007, sai da likitoci suka yanke wani sashe na ƙaramin yatsansa. Jorge Lorenzo na Sifaniya ya rasa kan yatsansa na kusa da ƙarami a Ostireliya a 2011. Waɗannan mutane ne da ke sanye da mafi kyawun kayan zamaninsu, kuma hakan na nuna cewa safa tana rage ɓarna ne, ba ta kawar da ita ɗungum. Don rage irin wannan rauni ne za ka ga a safar tsere an haɗe ƙaramin yatsa da maƙwabcinsa da wata 'yar fata, domin babba ya riƙe ƙarami. Da farko za ka ji ta takura maka. Bayan kwana biyu ka manta da ita.

Yanzu ga gwajin da na fi so kowa ya riƙe, kuma ba ya cin ko sisi. Sa safar, ɗaure maɗaurinta na wuyan hannu yadda za ka ɗaure in za ka hau, sannan ka kama kan yatsun da ɗaya hannun ka ja da ƙarfi. In ta zare, ajiye musu kayansu. Abin da hannunka ya iya cirewa, kwalta za ta cire shi a bugun farko, sauran tafiyar kuma da naman hannu za a yi ta. Safa ta ƙwarai maɗauri biyu gare ta: siriri a daidai wuyan hannu, wanda shi ne mai aikin, da faffaɗa a sama mai rufe bakin hannun riga. Masu kyau ma sukan rufe siririn da wani ɗan harshen fata don kada titi ya ɓalle shi.

Ƙullutun bayan hannu da muka tsallake suna da amfaninsu, musamman in hannu ya daki madubin mota ko gefen a-daidaita-sahu. Ana yin su da roba mai tauri, ko kabon, ko ƙarfen taitaniyam. Ka dunƙule hannu. In sun danne maka ƙashi, girman bai yi ba.

Leƙa cikin safar kuma ka nemi 'yar takardar da aka ɗinka. Wadda ta ci jarrabawar Turai za ka ga alamar CE, da hoton mutum a kan babur, da lamba EN 13594. Kusa da hoton akwai 1 ko 2. Mai mataki na 1 ta jure gugar injin gwaji na aƙalla sakan 4, mai mataki na 2 kuma sakan 8, sannan wuyanta ya fi tsawo. Haruffan KP na nufin an gwada kariyar gaɓoɓin yatsu. Mafi yawan abin da ke kasuwa mataki na 1 ne, har da wasu masu tsadar gaske, don haka kada farashi ya hana ka karanta takardar. A yi hattara kuma da jabu. Mai kwaikwayon sunan kamfani ba zai kasa kwaikwayon takarda ba. In ka ga babban suna a kan farashin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na gaskiya ba, ka san araha ba ta ado. Shinshina ta, murza ta: leda mai kama da fata ba ta da ƙamshin jima, kuma in ka leƙa bayanta yadi za ka gani.

(Gajeren kiɗa)

Sai dai waɗannan kamfanoni da yanayin ƙasashensu suke ƙira, mu kuwa muna da bazarar da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Damagaram. Doguwar safa baƙa mai rufin hana ruwa, a watan Afrilu, minti kaɗan za ka yi da ita ka cusa ta a aljihu, kuma a aljihu ba ta tsare kowa. Mai babban babur da ke dogon zango, Abuja zuwa Kaduna ko Kano zuwa Katsina, shi ya dace da doguwar mai rufe wuyan hannu, ya nemi mai ƙananan huji a bayan hannu da tsakanin yatsu don iska ta ratsa. Mai zirga-zirgar cikin gari gajera ta ishe shi, muddin tana da fata a tafi, da abin zamewa, da maɗauri mai riƙo. Wajen awo, ta kama hannu ba tare da ta tsuke jini ba, domin fata na saki da amfani. Ka riƙe hannun babur da ita in da hali. Kan yatsunka kada su tokare ƙarshenta, kuma kada fata ta tattaru a tafinka ta hana ka jin birki.

Na san akwai ɗan acaɓa ko ɗan kabu-kabu da ke saurare yana cewa, Malam, Yuro 400 ai rabin kuɗin Boxer ɗina ne ko fiye. Gaskiyarka, ɗan'uwa, kuma ba kai aka yi wa safar tsere ba. Amma kai ne ka fi kowa daɗewa a kan titi, daga asuba har dare, don haka kai ka fi kowa buƙatar wani abu a hannu. Ta ulun nan da ake sawa da hunturu sanyi kawai take tarewa. Mai yankakkun yatsu ta bar yatsun a waje. Ta masu walda fata ce, amma bakinta a buɗe yake, za ta fice. A cikin gwanjo akan dace da ta gaske da kuɗi kaɗan. In ka samu, ja ɗinkin ka ga ko zaren ya ruɓe, lanƙwasa fatar ka ga ko ta bushe tana tsagewa, sannan ka yi mata gwajin ja da muka faɗa.

Wanda ya saya kuma ya kula da abinsa. Gishirin gumi na cin fata da zare, don haka a riƙa goge ta da ɗanyen tsumma, a shanya a inuwa, kada a kanga ta a wuta ko a ɗora ta a kan salansa, a shafa mata man fata jefi-jefi. In ta taɓa shan kwalta da gaske, har fatar ta sirance ko ɗinki ya motsa, ta gama aikinta, sai a nemi wata.

A nan za mu dasa aya a shirin na yau. Allah Ya tsare hanya, Ya kai kowa gida lafiya. Sai mun sake saduwa.

(Kiɗan rufewa)