Takardar Awon Dukiya: Nawa Ne Naku a Cikin Sana'a?

'Yan'uwa mazauna sansani, da yawa daga cikinku sun kama ƙananan sana'o'i ko sun shiga ƙungiyar adashe. Idan kuka je neman rance, ana iya tambayarku takardar awon dukiya, wadda a ofisoshin Nijar, Kamaru da Chadi ake kira "bilan" da Faransanci. Ko ba a tambaye ku ba, tana da amfani gare ku.

Takarda ce mai gefe biyu, tana nuna matsayin sana'a a rana guda. A gefe ɗaya ana rubuta abin da sana'a ta mallaka: kuɗin hannu, kayan sayarwa, kayan aiki, da bashin da kuke bin mutane. A ɗaya gefen ana rubuta bashin da ake binku, sannan abin da ya rage, wato jarinku. Dole jimlar gefen biyu ta zo daidai.

A ce mai ƙosai tana da sefa 8,000 a hannu, wake da mai na 12,000, kaskon suya da murhu na 10,000, kuma tana bin masu saye 5,000. Jimla 35,000 ke nan. Ƙungiya tana binta 15,000, mai wake yana binta 6,000, wato 21,000. Idan aka cire 21,000 daga 35,000, saura 14,000. Wannan ne nata na gaskiya.

Ku riƙa yin wannan lissafi ƙarshen kowane wata. Idan jari yana ƙaruwa, sana'a tana ci gaba. Idan yana raguwa alhali ana ciniki, to ana cin uwar kuɗi, kuma ƙarin rance zai ƙara nauyi ne kawai.

Ku kiyaye waɗannan:

1. Ku sa wa kaya kuɗin da za a saye su yau.
2. Bashin da kuka fid da rai da shi, kamar na wanda ya bar sansani, kada ku lissafa shi.
3. Abincin taimako da kayan gida ba dukiyar sana'a ba ne.
4. Kada ku ba da katin rajista ko katin abinci jingina.

Wanda bai iya rubutu ba, ya nemi magatakardan ƙungiyarsu ya rubuta masa, a karanta masa a gaban shaida.