Kafin a Kafa Fankar Lantarki, a Tambayi Inda Inuwarta Za Ta Faɗa

A watan Maris na 2022 gwamnatin Nijar ta sa hannu da kamfanin Savannah Energy na Ingila kan shirin gina tashar lantarki mai aiki da iska a kwarin Tarka, ɓangaren jihar Tawa, wadda aka ce za ta iya kai megawat 250 da injuna har 60. Kwarin nan ba baƙo ba ne ga mutanen Dakoro, don ta ƙasarsu ya ratsa. Can ƙetaren iyaka kuma, a Lambar Rimi ta jihar Katsina, tuni akwai injuna 37 na kamfanin Vergnet na Faransa, masu jimillar megawat 10, kowanne a kan turke mai tsayin mita 55. Saboda haka ranar da masu awo za su sauka a wani ƙauye namu da na'urori, ya kamata su tarar mun san abin tambaya.

Kowa zai tambayi diyyar gona da aikin yi ga matasa. Abin da aka fi mantawa shi ne inuwa. Idan rana ta yi ƙasa, da hantsi ko bayan la'asar, kuma injin ya shiga tsakaninta da gidanka, kowane fiffike da ya gilma sai ya datse hasken. Babban inji mai fiffike uku da ke juyawa sau 15 a minti zai jefa maka duhu da haske sau 45 a kowane minti, kamar yaro ya sami tocila yana kunnawa yana kashewa a fuskarka. Masana sun ce wannan saurin bai kai na tayar da farfaɗiya ba, don sai walƙiya ta wuce sau uku a daƙiƙa ake jin tsoron haka. Amma tana gundurar mutum, tana hana shi natsuwa, kuma injin zai yi shekara ashirin ko fiye a tsaye.

Nisan ma ba kaɗan ba ne. Injin da ƙarshen fiffikensa ya kai mita 150, idan rana ta ɗaga da digiri 10 kawai, inuwarsa na kai kusan mita 850.

Abin farin ciki, ana lissafa wannan tun ba a haƙa rami ba, domin hanyar rana sananniya ce. Jamus ta sa iyaka tun 2002: kada gida ya sha gilmawar inuwa fiye da awa 30 a shekara, ko minti 30 a rana, bisa lissafin mafi muni, wato a ɗauka kullum rana tarwai, kullum injin na juyawa. Bankin Duniya ya ɗauki wannan ma'auni a ƙa'idojinsa na 2015. A Nijar dokar 2018 ta wajabta binciken tasirin manyan ayyuka a kan muhalli, ofishin binciken muhalli na ƙasa, wato BNEE, ne ke duba rahoton, kuma sauraren jama'a na cikin aikin.

Sai dai a nan gizo ke saƙa. An tsara lissafin ne don gidan Bature, wanda ke zaune a ɗaki, inuwa na shigo masa ta taga. Mu kuwa rayuwarmu a waje take. Da hantsi mata na daka a tsakar gida, da la'asar dattawa na ƙofar zaure, almajirai na kan allo a ƙarƙashin rumfa, makiyaya na jan guga a bakin rijiya, kuma waɗannan su ne daidai lokutan da inuwar ke miƙewa. Wanda ya ƙirga rufin kwano daga hoton tauraron ɗan Adam a Yamai ba zai ga rugar Fulani ko zangon Buzaye da ke sauka wuri ɗaya duk shekara ba. Abin da bai shiga taswira ba, kwamfuta ba ta san da shi ba. Don haka mai gari da magajin gari da shugabannin makiyaya su nace a rubuta masallaci, makaranta, asibiti, rijiya, kasuwa da mashekari, kowanne da adadin awoyinsa.

A lura kuma da ɓangare. A Ingila sun fi damuwa da gidajen da ke arewa da inji. Dakoro tana wajen digiri 14 da rabi arewa da tsakiyar duniya, rana na bi ta kanmu, inuwar tsakar rana ba ta yin nisa da turke. Waɗanda ke yamma da injin su ne za su sha da safe, na gabas da yamma, kuma layin yana karkata kudu ko arewa gwargwadon wata. Rahoton da ya kwafo wannan ƙa'ida ta Ingila bai yi aikinsa ba.

Wataƙila a ce muku hazon hunturu zai dusashe inuwar. Gaskiya ne, amma hazo ba ya shekara. Ku nemi adadin mafi muni a rubuce, a kuma karanta shi da Hausa a taro. Idan wani wuri ya haura iyaka, magani biyu ne na ƙwarai: a matsar da injin tun yana kan takarda, ko a sa masa na'ura mai auna hasken rana da ke tsayar da shi a mintocin da inuwar ke faɗa wa mutane. Alkawarin labule ba ya rufe tsakar gida, na shuka itace kuwa, a ƙasarmu, sai an yi shekaru ana ban ruwa. A sa sharaɗin tsayar da injin cikin yarjejeniya, tare da sunan ofishin da za a kai wa ƙara.