Takalmin Zinariya

A ƙasar Ingila akwai wata babbar gasa ta ƙwallon ƙafa wadda a ke kira Firimiya. An fara ta da wannan suna a shekarar 1992. 'Yan wasan da ke cikinta ba don nishaɗi kaɗai su ke wasa ba. Ƙwallo ita ce sana'arsu, da ita su ke ci da kansu da iyalinsu, kamar yadda maƙeri ya ke ci da ƙira. Kowace shekara in an gama gasar, a kan ba da kyauta ga ɗan wasan da ya fi kowa cin ƙwallo. Sunan wannan kyauta Takalmin Zinariya.

Kada ku zaci takalmin sawa ne. Abu ne da aka ƙera da siffar takalmin wasa, mai launin zinariya. Wanda ya samu ya kan kai shi gida ya ajiye.

Yadda a ke gasar

Ƙungiyoyi 20 ne cikin gasar. Kowace ƙungiya ta kan kara da sauran 19 sau biyu, sau ɗaya a filinta, sau ɗaya a filin abokiyar karawarta. In kun yi lissafi, 19 sau biyu 38 ke nan. Watau kowace ƙungiya tana da wasa 38. Galibi a kan fara a watan Agusta, a gama a watan Mayu na shekara mai zuwa. Saboda haka duk shekarar da muka ambata a nan, shekarar da aka gama gasar mu ke nufi.

Ƙungiyar da ta ci wasa ta kan sami maki 3. In an yi kunnen doki, kowace ta sami maki 1. Wadda aka cinye ba ta da kome. A ƙarshe wadda ta fi maki ita ce za ta ɗauki kofi.

Kun ga ashe lissafi biyu ne. Akwai lissafin maki, wannan na ƙungiya ne. Akwai kuma lissafin ƙwallon da kowane ɗan wasa ya zura a raga, wannan na mutum ɗaya ne. Da lissafi na biyu a ke ba da takalmi.

Yadda a ke ƙirga ƙwallo

Ƙwallon da aka ci a wannan gasa kaɗai a ke ƙirgawa. In mutum ya ci a wata gasa dabam, ko ya ci wa ƙasarsa, ba a sa shi a lissafi. Ƙwallon ka da ƙwallon ƙafa duk ɗaya ne. Haka kuma na fenariti, watau bugun daga kai sai mai tsaron gida. In ɗan wasa ya yi kuskure ya ci gidansu, ba a rubuta masa wannan. Wani lokaci ƙwallo ta kan bugi mutum biyu kafin ta shiga, har a rasa mai ita. To, akwai kwamitin da ya kan duba hoton wasan, ya faɗi wanda za a rubuta wa.

In mutum biyu ko uku suka yi daidai fa? Sai a ba kowa nasa. An yi haka a shekarar 2019. Mutum uku suka ci ƙwallo 22 kowannensu, dukansu kuwa 'yan Afirka ne. Su ne Mohamed Salah na Masar, da Sadio Mane na Sanagal, da Pierre-Emerick Aubameyang na Gabon.

Ƙwallo nawa ke kawo takalmi?

Babu adadin da aka yanka. Abin da a ke bukata shi ne ka fi kowa a wannan shekara. Teddy Sheringham ne ya fara samu a 1993 da ƙwallo 22. A 1998 da 1999, ƙwallo 18 ma ta isa. A 1994 Andy Cole ya ci 34, a 1995 Alan Shearer ya ci 34 shi ma. Amma a lokacin nan ƙungiyoyi 22 ne, wasa 42 a ke yi. Sai a 2023 Erling Haaland, mutumin Norwe, ya wuce su. Ya ci 36 cikin wasa 35 da ya buga wa Manchester City.

Zuwa shekarar 2025 mutum biyu ne suka sami takalmin sau huɗu. Na farko Thierry Henry na Faransa, wanda ya buga wa Arsenal. Na biyu Mohamed Salah, wanda ya samu a 2018, 2019, 2022 da 2025 yana Liverpool.

Ranar da takalmi da kofi suka yi karo

Ɗan Afirka na farko da ya sami wannan kyauta shi ne Didier Drogba na Kwaddibuwa. Ya samu a 2007 da ƙwallo 20, yana buga wa Chelsea ta birnin Landan. Ga abin da ya same shi da ya nemi ta biyu.

Ran 9 ga Mayu, 2010, ita ce ranar wasa na ƙarshe. Drogba yana da ƙwallo 26. Wayne Rooney na Manchester United shi ma yana da 26. Chelsea kuwa ta fi Manchester United da maki 1 tak. In Chelsea ta ci wasanta da Wigan, kofi ya zama nata. In ta yi sake, yana iya kuɓuce mata. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Aka fara wasa, Chelsea ta ci ɗaya. Can sai alƙalin wasa ya ba ta fenariti. Drogba ya so ya buga, don ya wuce Rooney. Amma mai buga wa Chelsea fenariti kullum shi ne Frank Lampard. Ci ɗaya kuwa ba ya sa hankali ya kwanta, gama in aka ɓarar da wannan bugu Wigan tana iya ramawa. Lampard ya ƙi ba shi, ya buga da kansa, ya ci. Ran Drogba ya ɓaci, kowa a fili ya gani.

Bayan an dawo daga hutu, Chelsea ta yi ta ci. Drogba ya ci ɗaya da ka, ci ya zama biyar. Aka sake samun fenariti. Yanzu babu sauran tsoro, sai Lampard ya bar masa, ya buga ya ci. Ya ƙara ta uku kafin a tashi. Aka gama wasa Chelsea tana da 8, Wigan ba ta da ko ɗaya. Rooney bai ci kome ba ran nan. Drogba ya tashi da ƙwallo 29, ya ɗauki takalmi, ƙungiyarsa kuma ta ɗauki kofi.

Abin lura

Takalmi ba kofi ba ne. Harry Kane ya sami takalmin sau uku yana Tottenham, a 2016, 2017 da 2021, amma har ya bar ƙungiyar a 2023 ba su ɗauki kofin Firimiya ba. Mutum yana iya fin kowa ci, ƙungiyarsa kuwa ta tashi hannu wofi.

Har wa yau, mai cin ƙwallo ba shi kaɗai ya ke ci ba. Wani ne ya ƙwato ta, wani ya miƙo masa, wani kuma yana baya yana tsaron gida. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi ya sa masu gasar suka ƙara kyauta biyu. Tun 2005 a ke ba da Safar Hannu ta Zinariya ga mai tsaron gidan da ya fi yawan wasan da ba a ci shi ba. Tun 2018 kuma a ke ba da kyauta ga wanda ya fi kowa miƙa ƙwallo aka ci. A 2025 Salah ya haɗa biyu. Ya ci 29 da kansa, ya miƙa wa abokansa 18 suka ci, Liverpool kuma ta ɗauki kofi a wannan shekara.

Tambayoyi

1. Wasa nawa kowace ƙungiya ta ke yi a shekara?
2. In mutum biyu suka yi daidai, wa a ke ba takalmi?
3. Drogba ya shiga wasan ƙarshe da ƙwallo 26, ya fita da 29. Nawa ya ci ran nan?
4. Da ku ne Lampard, da kun ba Drogba bugun farko? Don me?